Injina a Bayan Igiya

A bencin tasha wani dattijo da wata mata mai jakunkuna uku suna kallon tsohuwar masaƙar da aka mayar gidan nunin zane-zane.

"Wallahi Baba, wannan gidan zai tayar da garin nan," in ji matar. "Baƙi za su yi ta zuwa."

"Su ga me? Shekara ashirin ina saƙa a ciki kafin a rufe. Injina suka goge, suka kewaye da jar igiya, wai kada a taɓa. Ni! Jiya na ɗiga masa mai, mai gadi ya koro ni."

"Ashe kana shiga."

"Kullum. In ban je ba, wa zai gaya wa mutane a juye aka kafa injin?"

"Ka gani! Nan da shekara biyu ba za ka gane garin nan ba."

"Allah ya sa. Ke kuma ina zuwa da kaya haka, har da keken ɗinki?"

"Birni, wurin yayata. Wata uku ban ɗinka ko riga ɗaya ba."

"Ki bar musu keken, 'yar nan. Na ga suna da sauran igiya."