Ranar da Matan Zumunta Suka Kawo Mini Tulu

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Saratu mai bandar kifi, daga Wara, Jihar Sakkwato.

Bara kwalekwalen maigidana ya kife, ruwa ya ci shi. Na yi fushi da Allah, na daina zuwa majami'a. Sai matan zumunta suka zo gidana da tulun kiɗa. Shugabarmu, Inna Rahila, ta ce, "Tunda kin ƙi zuwa, mun biyo ki. Ke ce mai buga mana tulu, ungo!" Na buga ina kuka, ban san lokacin da na kama waƙa ba.

Kewa tana nan, amma Yesu ya ba ni farin cikin da ruwa ba ya ci. A gaishe mini da su.