Inuwar Ƙarƙashin Gada

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ina gaishe ka daga Tsafe.

Muna yara aka gina gada bisa layin dogo don mu daina tsallaka ƙarfe. Da jirgi ya daina zuwa, muka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Yayana Sani a jikin ƙarfen yake ɗaure bijimin nomansa. Na hana shi, ya ce, "Haba ƙanena, jirgin da ya mutu?"

Ranar kasuwa sai ga jirgin masu gyara. Sani ya ruga kwance igiya. Bijimin ya tsira, yayana bai tsira ba.

Malam, me zan gaya wa mutanenmu su ji? Jiya ma na tarar da akuya ɗaure a wurin.