Kujerar Wendell a Teburin Karta

A tashar motar Amarillo, Loretta ta baza kartar marigayi mijinta Wendell a kan jaka, wani tsohon direba yana leƙe.

"Biyar ake riƙewa a wasan poka, baiwar Allah. Uku iri ɗaya sun fi biyu. Wa ke koya miki?"

"Babu kowa. Abokan Wendell ne suka ce in zo in zauna a kujerarsa ranar Alhamis." Idonta na kan ruwan saman da ke bin gilashin taga. "To, idan marasa kyau suka zo min fa?"

"Sai ki yi murmushi kamar duniya na hannunki, su tsorata su ajiye nasu. Gwanintar ke nan."

Ta daɗe tana shafa kartar.

"Ashe gwani na aura. Shekara guda yana dawowa daga asibiti da wannan murmushin, ni kuwa na yarda."