Ƙaho Bakwai

Zamanin Turawa ne, lokacin Potiskum kowa ya san tarin maƙwabcinsa. Ina tuyar ƙosai gindin tsamiya kusa da asibiti, sai wata mai goyo ta tare wani tsoho.

"Baba, ina gidan wanzami a unguwar Hausari?"

"Me ya sami 'yar?"

"Haƙarƙari ne. Kwana uku jikinta kamar garwashi. Uwar mijina ta ce a kafa mata ƙaho, a cire mataccen jini."

"Juyo da ita. Kin ga yadda awazunta ke lotsawa in ta ja numfashi? Ba jini ba ne, 'yar nan, huhu ne ya kamu. Ƙaho fata yake ja, ba ya kaiwa can. Shiga nan a yi mata allura."

"Allurar Nasara? An ce wanda ya shiga ba ya fitowa."

"Wanda aka kai a makare ne ba ya fitowa. Ciwon nan duk shekara sai ya kwashi yara. Da ba magani, yanzu akwai."

"Kai dai, Baba, ba ka son wanzamai ne. Ina ka san aikinsu?"

Tsohon ya ɗaga gefen rigarsa, sai ga zabirar wanzanci, ta tsufa har ta yi baƙi.

"Shekara arba'in ina yi. Ɗana Umara, ƙaho bakwai na kafa masa da hannun nan. Da ya rayu, da yau ya yi gemu."

Ta gyara goyonta, ta shiga asibiti. Bayan kwana shida na ga 'yar tana fizgar ɗankwalin uwarta.

Ni kuwa, tunda nake tuya, ran nan kaɗai na ƙona ƙosai.