Wanzamin da Ya Ji Tsoron Allura

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Bello daga Danchadi, jikan Sani Wanzami.

Kakana ya daɗe yana tari, har da jini. Muka kai shi asibiti a Sakkwato, likita ya ce akwai ƙulli a huhunsa dab da haƙarƙari, sai an tsakuro kaɗan an duba. Ba yanka ba ne: na'urar hoton ciki za ta nuna wurin, a bi da allura.

Tsoho ya ɗauki hularsa. "Wagga allura ba ta shiga jikina!"

Na ce, "Haba Kaka! Kai da ka tsattsaga bayan rabin mutanen Bodinga da aska? Bari in je in shaida wa duk wanda ka yi wa ƙaho."

Ya ce, "Ja'iri!" Ya kwanta.

Aka kashe zafin wurin, aka sa allurar, bai ko motsa ba. Sakamako ya nuna ciwon daji ne, amma alhamdu lillahi an gano da wuri, ya fara magani. Allah ya saka wa likitan nan da alheri. Mai tarin da ya ƙi warkewa, ya je asibiti.

A gaishe min da tsohon, na san rediyo na kunnensa. Kaka, kwantar da hankalinka, ban faɗa wa kowa ba.