Jiniya Ta Samu Uba

YAYA: Salamu alaikum. Auta? Auta, kina ji na?

AUTA: Wa alaikumus salam. Lah, Yaya ce? Yau kuma wace rana? Ina wuni?

YAYA: Lafiya lau. Ya aiki? Ya mai gidan naki, ya ƙafar tasa?

AUTA: Da sauƙi, har ya ajiye sanda. Ya hawan jinin? Kina dai shan maganin?

YAYA: Ina sha in na tuna. Ya yaran?

AUTA: Waɗanne? Nawa na gida, ko na nan gidan renon da kika ce in daina kawo miki warinsu falo?

YAYA: Kai Auta, ba kya mantuwa. Duka dai. Ya gajiya?

AUTA: Babu gajiya. Yaya, faɗi abin da ke bakinki, na san ba ki ƙona katinki don ƙafar mijina ba.

YAYA: Ke kaɗai ce a wurin?

AUTA: Ni da jarirai. Ba sa kai gulma.

YAYA: To matso da kunnenki. Jariri nake so.

AUTA: Jarida? Wace jarida kuma?

YAYA: Jariri! Ja-ri-ri! Kin sa ina ɗaga murya, ga mai aiki tana shara a ƙofa.

AUTA: Ikon Allah! Ke da bakinki? Ke da kika ce mu masu kwashe sharar gari ne?

YAYA: Ba ni zan riƙe ba. Ɗana Dogo ne. Kin san dai shekarun da ya kwashe da matar nan tasa, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Duk inda na shiga sai a ce ina jika. Na gaji da murmushin dole.

AUTA: To shi Dogon ne ya aiko ki?

YAYA: Ina ruwansa? Ni na haife shi, ni zan tsara. Saurara ki ji. Namiji nake so, fari, mai dogon hanci irin na gidanmu. Sabon haihuwa, wanda ko cibiya ba ta faɗi ba.

AUTA: Da wane launi za a naɗe miki shi? A kawo gida ne ko za ki aiko direba?

YAYA: Ban son iskanci. Ita kuma matar tasa zan sa ta cusa matashin kai a riga, ta yi wata biyu uku tana tofar da yawu a gaban mutane, sai in tura ta wani wuri a ce ta je haihuwa. Ta dawo da yaro. Shi ke nan, bakin kowa ya mutu.

AUTA: Matashi. Malamar makaranta guda, ta tsaya gaban allo da matashi a ciki. In ya zamo ƙasa fa, ta ce wa ɗalibai me? Ta haifi auduga?

YAYA: Ke dai ki... ta ƙofar baya... ba wanda...

AUTA: Yaya, kina yankewa. Fito daga ɗakin nan, ki tsaya bakin taga.

YAYA: Na ce ki fito da shi ta ƙofar baya, ba sai kowa ya sani ba!

AUTA: Ƙofar bayanmu shara ake fitarwa ta nan, ba mutum ba. Nan sai ma'aikatan walwala sun je sun ga gidan, sun ga inda yaro zai kwanta, sun zauna da mijin da matar, sannan alƙali ya yarda. Kina tsammanin tumatir muke kasawa?

YAYA: Alƙali! Don a tallata mu a kotu? Duk wannan a kan yaran da ba a san ma iyayensu ba? Ai taimaka musu za mu yi.

AUTA: Sannu, uwar taimako. Yaron da aka yar sau ɗaya, sai in miƙa shi ga wadda tun bai zo ba take jin kunyarsa? Ranar da hancin bai yi tsawo ba ki dawo mini da shi a kwali?

YAYA: Auta, ni kike faɗa wa haka? Ni na goya ki fa.

AUTA: Kin goya ni, ban musa ba. Shi ya sa zan gaya miki gaskiya, don Dogo ya daɗe yana roƙona in faɗa miki, shi ya kasa. Kin makara, Yaya. Sun riga sun zaɓa.

YAYA: Sun me?

AUTA: Sun zaɓa. Matarsa ta daɗe tana zuwa nan in an tashi makaranta, ta ajiye jaka ta ɗaura zane. Shi kuma ya biyo ta daga wurin aiki. An je an duba gidansu, saura zaman kotu.

YAYA: A bayan idona? Munafukai! To... to namiji ne dai ko?

AUTA: Mace ce.

YAYA: Innalillahi. Fara?

AUTA: Baƙa ce wuluk, kyakkyawa. A bayan wani kemis aka tsince ta cikin kwalin sabulu, tururuwa duk sun cije mata ƙafa. Muna ce mata Jiniya, don in ta buɗe murya duk ɗakin sai ya tashi. Kuma leɓenta na sama a tsage yake, tun haihuwa.

YAYA: Tsage? Auta, tsage? Duk yaran da ke gidan nan a rasa wadda za a ɗauko sai mai tsagaggen baki? Wannan matar ta gama da ɗana! Me zan ce wa ƙawayena?

AUTA: Ki ce musu likita zai ɗinke leɓen in ta ƙara ƙwari. Bakin ƙawayenki ne ban san mai ɗinke shi ba. Kuma ba matar ce ta zaɓa ba. Ɗanki ne. Ma'aurata nawa suka zo suka leƙa gadonta suka kau da kai, shi ya ɗauke ta, ta kama masa gemu, ya tsaya yana hawaye kamar an mare shi.

YAYA: Wallahi ba za ta taka mini gida ba.

AUTA: Ba ta fara tafiya ba tukuna, kina da lokaci. Kuma ba gidanki za ta ba.

YAYA: Ki gaya masa in ya kuskura... Tsaya. Wane ne wannan yake waƙa kamar ana jan tebur?

AUTA: Injiniyan ɗanki ne. Ga shi can kan tabarma, ya naɗe hannun riga, yana ba ta madara da cokali.

YAYA: Dogo? Dogon da ko kofin da ya sha shayi ba ya ɗaukewa? Yana nan kika bar ni ina ta zuba?

AUTA: Kin ce ni kaɗai ce, na ce ni da jarirai. Shi ma ai naki jaririn ne. In ba shi wayar?

YAYA: Kar ki ba shi! Ba ni da abin faɗa masa. Ni da shi har... Mene ne wannan? Tari take yi?

AUTA: Ta ɗan ƙware ne, haka take yi in an...

YAYA: Ana ƙwarewa kaɗan ne? A kwance yake ba ta? Ki ce ya ɗaga ta! Ya ɗora ta a kafaɗa, ya bubbuga bayan a hankali, a hankali na ce, da wannan hannun nasa kamar faranti! Sakarai kawai, wa ya ce masa ana cika cokali?

AUTA: Ya ji ki, Yaya, duk ɗakin ma sun ji ki. Ga shi ta yi gyatsa.

YAYA: To. Ni dai ban yarda ba, ki sani, ban ce na yarda ba. Kuma ku da kuke kiran kanku ma'aikata, yarinya tana wannan tarin ko hula ba ku... wace irin madara ma kuke...

AUTA: Yaya? Yaya! Dogo, katin uwarka ya ƙare. Goge mata baki, ga madara nan har wuya.