Wa Zai Ce Amin?

Ni dai ban je taron addu'ar ba, barci ya fi ƙarfina. A bencin asibitin unguwarmu na tsinci labarin. Wata dattijuwa da wani tela suna zaune kusa da ni, kowa na murza gwiwa.

Telan ya ce, "Mama, ke ma addu'ar jiya ce?"

"Ita ce, ɗana. An ce za a rufe asibitin nan, wai marasa lafiya sun yi kaɗan. Majami'u duka sun haɗu, ni in zauna a gida?"

"Mu fa a tsaye muke addu'a. Don girmama ku muka durƙusa."

"Ai da mun tashi tuntuni. Fastonmu ne ya bar wa naku ya ce Amin, tunda ya girme shi."

"Namu kuwa yana jiran naku, tunda filinku ne. Ba don ruwan sama ba, da har yanzu muna can."

Ta dubi layin masu ɗingishi har bakin ƙofa.

"To ga shi Ubangiji ya amsa. Wa zai rufe asibiti a cike haka?"

Can ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ta ce likita ba zai fito yau ba. Gwiwarsa ta kumbura.